Tambayoyinku da Amsoshinmu: Filin Ranchers, Filin Ahmadu Bello da Unguwannin da Suka Rene Su

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Gardama ce ta kaure a majalisarmu, wasu suna cewa filin wasa na Ahmadu Bello shi ne filin Ranchers Bees, wasu kuma suna cewa kowanne daban yake. Muna roƙon a raba mana gardama, a kuma ba mu tarihin filin da na kulob ɗin. Daga wani matashi mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Masu cewa kowanne daban yake su ne da gaskiya. Filaye biyu ne. Akwai babba, wato filin wasa na Ahmadu Bello, akwai kuma ƙarami, filin cikin gari, wanda yake ɗaukar kimanin mutum 10,000, shi ne kuma wanda sunan Ranchers Bees ya bi har ya zame masa suna. Abin da ya kawo ruɗanin shi ne, idan wasa ya girma kulob-kulob ɗin Kaduna sukan koma babban filin saboda yawan 'yan kallo, don haka wanda ya kalli Ranchers a can bai yi ƙarya ba, amma can ɗin aro ne.

Babban filin ya samo asali ne daga zamanin gwamnatin Jihar Arewa, lokacin da Kaduna take hedikwatar Arewa baki ɗaya. An gina shi a tsakiyar shekarun 1960, kuma masu zanen gine-gine biyu 'yan Ingila, Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan, su ne suka tsara shi. Yana ɗauke da sunan Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda aka kashe ranar 15 ga Janairun 1966. Tun daga tushe ba a gina shi don wani kulob guda ba, an gina shi ne don ya zama dandalin Arewa, daga baya kuma ya daɗe a hannun gwamnatin tarayya. Shi ya sa tarihinsa cike yake da manyan baƙi: gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, gasar ƙwallon mata ta Afirka a 1998, gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, sai ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A gasar 1999 ɗin nan, a Kaduna ne Sifaniya ta fitar da Ghana a bugun fenariti, ta kuma doke Mali da ci 3 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, kafin ta wuce Legas ta ɗauki kofin. Cikin yaran da suka zo da tawagar akwai Xavi da Iker Casillas, a lokacin da duniya ba ta gama sanin su ba.

Shi kuwa kulob ɗin, da sunan DIC Bees aka fara saninsa, domin a ƙarƙashin kamfanin ƙera makamai na tarayya da ke Kakuri ya taso, kamfanin da aka kafa a 1964. Da wannan suna ya kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wato gasar kofin kulob-kulob ta ƙasa, a 1983, inda Rangers ta Inugu ta yi galaba a kansa a bugun fenariti. Daga baya Alhaji Muktar Aruwa, wanda ya zama sanatan Kaduna ta Tsakiya daga 1999 zuwa 2007, ya karɓi kulob ɗin, suna ya koma Ranchers Bees, mutanen gari kuma suka riƙa kiran 'yan wasan da yaran Aruwa. Shekaru uku da suka biyo juna su ne ƙololuwar tarihinsa. A 1987 ya sake kaiwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, Abiola Babes ta ɗauke. A 1988 ya kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka, inda kulob ɗin Bizerte na Tunisiya ya tsallake da ƙwallo ɗaya tak a wasanni biyu. A 1989 kuma haƙa ta cimma ruwa, ya ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma bayan ya doke ASEC ta Abijan. Daga cikin wannan tawaga ne Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna a 1972, ya fito, aka tafi da shi gasar Afirka ta 1990 a Aljeriya, ya kuma wuce Club Brugge ta Beljiyam a wannan shekara.

A ganina, duk wanda yake son ya fahimci ƙwallon Kaduna, ƙaramin filin ya kamata ya fi dubawa. A nan ne 'yan kallo suke zaune dab da 'yan wasa har ana jin muryar mai horarwa, a nan ne kuma Kaduna United take karɓar baƙinta a zamanin da ta ɗauki Kofin Tarayya a 2010, bayan ta tashi 3 da 3 da Enyimba ta kuma yi nasara a bugun fenariti.

Tambaya: Malam, na yi aikin masaƙa a Kakuri a ƙuruciyata, kuma na tuna yadda muke tsallako gada mu zo kallon ƙwallo. Jikokina ba su yarda cewa masaƙu suna da kulob ba. Ina so a bayyana musu yadda wannan yanki yake a da. Daga wani dattijo a Makera.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da kuka faɗa wa jikokinku gaskiya ne, kuma shi ne ginshiƙin wannan tarihi gaba ɗaya.

Kaduna gari ne da aka kafa shi saboda kogi da layin dogo. Turawan mulkin mallaka sun zaɓi wurin ne domin ruwa da hanyar jirgin ƙasa, suka kuma dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Kogin ya raba garin biyu. Arewacinsa ya zama wurin ofisoshin gwamnati, da barikoki, da filin sukuwa wanda yanzu ake kira Dandalin Murtala, inda aka yi hawan daba na bikin FESTAC, wato bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya, a 1977. Kudancinsa kuma ya zama wurin tashar jirgin ƙasa da masana'antu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, sai UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya buɗe a 1975. Babban filin wasan yana arewacin kogin, kusa da shataletalen da ya ɗauki sunansa, a kan hanyar da take gangarawa zuwa gada, ga kuma unguwannin Kabala a maƙwabtaka da shi. Ma'aikacin gwamnati da ya tashi daga ofis da ma'aikacin masaƙa da ya sauka daga aikin safe duk suna iya haɗuwa a bakin ƙofarsa ba tare da doguwar tafiya ba, kuma wannan mahaɗa ce ta sa filin ya zama na kowa da kowa.

A wancan zamani kamfani shi ne uban kulob. Yakan ɗauki ɗan wasa a matsayin ma'aikaci, ya ba shi albashi a ƙarshen wata, ya sayi riguna da takalma, ya ba da motar tafiya wasan waje, ma'aikata kuma su ne magoya baya na farko. Babbar hujjar da za ku ba jikokinku, Baba, ita ce Rashidi Yekini, wanda aka haifa a Kaduna a 1963, ya kuma fara wasansa a kulob ɗin UNTL kafin ya koma Shooting Stars ta Ibadan. Shi ne ya zura wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a ragar Bulgeriya a 1994. Garin da ya haifi Yekini da Amokachi shi ne ya haifi Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, kuma ban da Yekini dukkansu suna cikin tawagar da ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta. Waɗannan sunaye kaɗai sun isa su nuna irin mutanen da layin dogo da bariki da masaƙa suka tara a gari ɗaya, kowa da inda iyayensa suka fito, amma duk 'yan Kaduna.

Da masaƙu suka fara durƙushewa saboda matsalar wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da kwararowar atamfofin waje masu araha, har UNTL ta rufe ƙofarta a 2007, ƙwallon gari ta rasa mai ɗaukar nauyinta. Kulob ya koma jiran gwamnati ko wani attajiri guda, idan ya gaji kuma sai komai ya tsaya. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk lokacin da ake maganar gyaran filaye. Gyara abu ne mai kyau, kuma muna maraba da shi, amma kujeru da ciyawa ba su biyan ɗan wasa albashi, ba su kuma mayar da ma'aikatan da a da suke cika filin da kuɗin aljihunsu.

Tambaya: Shin da gaske ne Pele ya taɓa buga wasa a Kaduna? Kuma mutum nawa filin Ahmadu Bello yake ɗauka? Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi.

Amsa: Da gaske ne, Hajiya. A watan Afrilun 1978, bayan ya riga ya yi ritaya, Pele ya zo Nijeriya tare da kulob ɗin Fluminense na Burazil, ya kuma sa rigarsu a wasan sada zumunta da Raccah Rovers ta Kano a filin Ahmadu Bello. Hotunansa sanye da babbar riga da hula daga wannan ziyara suna nan suna yawo har yau.

Game da yawan 'yan kallo, adadin da aka sani a hukumance a 2016 shi ne kimanin mutum 16,000. Ranar 25 ga Maris 2016, da Nijeriya ta karɓi baƙuncin Masar a wasan neman shiga gasar Afirka, an buɗe ƙofofi kyauta, aka ƙiyasta cewa mutum kusan 40,000 ne suka shiga, wasu suka ɗare ƙarafunan fitilu da allon nuna sakamako, wasu kuma suka zauna a gefen fili. Oghenekaro Etebo ya ci wa Nijeriya, Mohamed Salah ya farke ana dab da tashi, aka tashi kunnen doki 1 da 1. Allah ya kiyaye ba a samu turmutsutsun da ya ci rayuka ba, amma hukumar ƙwallon Afirka ta ci Nijeriya tarar dala 5,000 saboda cunkoson.