Tambaya da Amsa: Shin in sayi Jupiter-3 don kamarar da mahaifina ya bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, mahaifina ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet, kuma cikin abin da ya bari akwai kamarar fim Zorki 4 mai ido (wato gilashin gaban kamara) Jupiter-8, 50mm f/2. Wani mai sayar da tsofaffin kaya a Yamai ya yi mini tallar Jupiter-3 mai f/1.5, ya ce hotunana za su fi fitowa ras. Galibi hotunan iyali nake ɗauka, ranar suna da ɗaurin aure. Shin ya cancanci kuɗin? Daga wani mai karatu a Tahoua.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kyautata makwancinsa. Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar saye, domin abin da mai tallar ya faɗa maka ba shi ne amfanin wannan ido ba.

Idanun nan biyu zuriya ɗaya ne. Dukansu an kwaikwaye su daga Sonnar na kamfanin Zeiss na Jamus, wanda Ludwig Bertele ya tsara, kuma mai f/1.5 ɗin ya fito a 1932. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kwashe injuna da gilasai zuwa Tarayyar Sobiyet, masana'antar KMZ ta Krasnogorsk kusa da Mosko ta ci gaba da ƙera su da sabon suna. Hikimar Bertele ita ce ya manne gilasai bakwai suka zama rukuni uku kacal, saboda a zamaninsa ba a fara shafa wa gilashi maganin hana ƙyalli ba, kuma duk inda gilashi ya haɗu da iska sai wani haske ya salwanta. Jupiter-8 ɗinka yana da gilasai shida a rukuni uku, kuma ido ne mai kyau ƙwarai.

Bambancinsu yana ga yawan hasken da suke shigarwa, wanda lambar f take nunawa: ƙaramar lamba, babbar buɗewa. Idan aka buɗe su duka har ƙarshe, f/1.5 yana shigar da haske kusan ninki biyu na f/2. Wannan yana da daraja a cikin zaure, ko a ɗakin amarya, ko dab da magariba lokacin da hasken ya yi laushi a fuskokin mutane. Amma a tsakar ranar Tahoua ba za ka iya amfani da wannan buɗewa ba ko kaɗan. Da fim mai ISO 100 (lambar da ke nuna yadda fim yake jin haske) a rana tsaka, ma'aunin da aka saba shi ne f/16 da 1/125 na daƙiƙa, kuma iyakar saurin labulen Zorki 4, wanda ke buɗewa ya rufe don haske ya kai ga fim, shi ne 1/1000, wato ba za ka buɗe fiye da f/5.6 ba sai hoton ya ƙone da haske. A f/5.6 kuwa da wuya ka bambance hoton wannan ido da na wancan.

Maganar fitowa ras ita ce ta fi damuna. Jupiter-3 a buɗe gaba ɗaya yana ba da hoto mai laushi, da wani ɗan annuri a gefen abubuwa masu haske, kuma masu sonsa saboda wannan laushin suke sonsa, musamman a hoton fuska. Sannan a nisan mita ɗaya, wurin da zai fito sosai bai wuce santimita uku zuwa huɗu ba, ta yadda idan idon jariri ya fito, kunnensa ya dushe. Nan ne ma'aunin nisa na kamarar yake da muhimmanci. Hotuna biyun da kake haɗawa su zama ɗaya a tagar dubawa don saita nisa suna motsi ne ta wani ɗan hannu da bayan idon yake turawa, kuma kamarar da ta haura shekara hamsin tana iya gocewa. Idan hotunanka na yanzu suna fitowa dishi-dishi, ka fara zargin wannan hannu, ka kai wa mai gyara ya daidaita shi. Sabon ido ba zai gyara shi ba, sai ma ya ƙara tona aibinsa.

Idan kuma aikinka ya fi yawa a cikin ɗaki har ka yanke shawarar saye, ka fara duba gindinsa. An ƙera Jupiter-3 iri biyu: mai murɗi M39 wanda ke shiga kamarorin Zorki da FED, da na kamarar Kiev wanda ba zai shiga taka ba. Ka haska tocila ta baya ka duba ta gaba. Ƴar ƙura ba komai ba ce, amma hazo a cikin gilashi, ko zare-zare masu kama da saƙar gizo, alamar danshi ne ya ci shi, kuma gilashin gaba yana da taushi, sau da yawa za ka tarar an goge shi da bakin riga har ya kakkarce. Ka nemi mai kayan ya yarda ka gwada da fim ɗaya kafin ka biya: ka jingina ma'aunin tela a karkace, ka saita a wata lamba daga nisan mita ɗaya, ka ɗauka a f/1.5, ka ga ko lambar da ka nufa ce ta fito.

Gargaɗi na ƙarshe ya shafi idon da kake da shi ma. Labulen Zorki na ƙyalle ne, kuma babu madubi tsakaninsa da ido, don haka idan ka bar kamarar a buɗe tana kallon rana, gilashin zai tara zafi ya huda labulen cikin ɗan lokaci. Ka riƙa rufe murfin idon duk lokacin da ba ka ɗauka, ka ajiye ta a jaka a lokacin hunturu, kuma kada ka taɓa canza saurin labule sai bayan ka naɗa fim, domin yin haka yana lalata injin Zorki 4.