Tsakuwa mai launi a tankin kifin ado: tana da illa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Na saya wa yara tankin gilashi da jajayen kifayen adon nan da ake kira golfish, mai shagon kuma ya haɗa mini da tsakuwa shuɗiya da ruwan hoda, har da wata mai haske cikin duhu. Babu wani rubutu a jikin ledarta. Zan iya zuba ta, ko za ta cutar da kifin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin kyauta da kika tambaya tun kafin ki zuba. Launin tsakuwa shi kaɗai ba ya kashe kifi, abin dubawa shi ne da me aka rina ta, da kuma ko an rufe rinin yadda ruwa ba zai ci shi ba. Wadda aka yi musamman domin tankin kifi ana lulluɓe ta da wani ƙaro mai kama da roba wanda idan ya bushe ba ya narkewa cikin ruwa, irin wannan kuwa takan yi shekaru a tanki lafiya lau. Matsalar ita ce akwai wata mai kama da ita sak da ake yi domin ƙawata tukunyar fure ko teburin falo, wadda fenti kawai aka fesa mata. Fenti irin wannan yana iya ƙunsar dalma ko jan ƙarfe, kuma kifi yana cikin ruwan nan dare da rana, ta cikinsa yake numfashi, saboda haka ɗan abin da ba zai dami mutum ba yana iya lalata gaɓoɓin numfashinsa. Ita ma mai haske cikin duhu hukuncinta ɗaya: sinadarin da ke cikinta hasken fitila yake tarawa ya riƙa sakinsa a hankali, kuma lafiyarta ta dogara ne ga ingancin rufin da aka yi mata.

Tunda taki ba ta da rubutun da ya nuna ta tankin kifi ce, ki gwada ta. Ki zuba ta a bokiti mai tsabta, ki wanke da ruwa zalla, kada sabulu ko omo ya taɓa ta, ki yi ta sauya ruwan har ya fito garau. Daga nan ki bar ta a jiƙe mako guda, sannan ki ɗebi ƙwaya kaɗan ki murza a farin ƙyalle. Idan ƙyallen ya ɗauki launi, ko kika ga maiƙo yana yawo a saman ruwan, ko kika ji warin fenti, to ba ta dace da kifi ba. Ki kuma ɗiga ruwan khal a kan busasshiyar ƙwaya. Idan ta yi kumfa, akwai alli a cikinta, wanda zai riƙa narkewa yana sauya yanayin ruwan. Golfish yana jure wannan fiye da kifaye da yawa, amma gara a sani. Sai dai ki lura cewa gwajin bokiti ba ya nuna ƙarfen da ya narke ba tare da launi ba, shi ya sa ni a ra'ayina tsakuwar da ba a san asalinta ba ta fi dacewa da tukunyar fure.

Akwai wani haɗari da masu sayarwa ba su cika ambata ba, wanda kuma ya shafi kifinki kai tsaye. Golfish ɗabi'arsa ce ya riƙa tsotsar tsakuwa yana tofarwa wajen neman abinci, saboda haka ƙwaya mai girman wake tana iya maƙale masa a baki, ki gan shi yana yawo baki buɗe ya kasa ci. Ki zaɓi wadda ta fi ƙarfin bakinsa, ko yashi mai laushi wanda zai iya tofarwa. Ki shafa ta a tafin hannu, idan tana da kaifi kamar tsakuwar gini da injin ya fasa, za ta ji masa ciwo. Sumul ɗin tsakuwar rafi da aka wanke sosai ta fi mini duk waɗannan, kifi ma ya fi natsuwa a kan ƙasa mai duhu.

Kada kaurinta a gindin tanki ya wuce santimita 3 zuwa 5, domin ragowar abinci da kashin kifi suna taruwa a ƙarƙashi su ruɓe su haifar da wata guba da ake kira amoniya, wadda ta fi fenti yawan kashe kifin ado. Haka nan ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar ruwa ta Ajiwa ana sa masa kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ke cutar da kifi, sai a bar shi a buɗaɗɗen bokiti aƙalla awa 24 ko a sa maganin cire kulorin kafin a zuba. Idan bayan kin sa sabuwar tsakuwa kika ga kifin yana haki a saman ruwa ko ya daina cin abinci, ki kwashe ta nan take, ki sauya rabin ruwan tankin da wanda ya kwana.