Ƙanina, matsalar tana cikin “wani sirri”

Assalamu alaikum. Ƙanina, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce furodusoshi biyar ka tura wa loglayinka, wato gajeren layin da ke taƙaita labarin fim ɗinka, babu wanda ya tanka maka, kuma ga abin da ka tura: “Wani ɗan sanda yana binciken kisan gilla a Kaduna, sai ya gano wani sirri da zai girgiza kowa.” Kana tambayar inda ka kuskure. Irin wannan layin na rubuta shekara huɗu da suka wuce, kusan kalma da kalma.

Wata bakwai na yi ina rubuta sikirif, wato rubutaccen labarin fim, mai shafi 90, da daddare, bayan na rufe shago a Kasuwar Barci. Wani furodusa ya ce in zo ƙarfe goma na safe. Na yi sammako daga Rigasa, na zauna a benci har aka kira azahar bai shigo ba. Da ya zo, a tsaye ya karɓi takardar, waya a kunne. Ya karanta loglayina da ƙarfi a gaban yaransa, yana jan murya kamar mai talla a rediyo, sannan ya ce, “To Malam, in bai gano sirrin ba me zai same shi? Ai albashinsa zai shiga ƙarshen wata.” Suka fashe da dariya. Ya ɗora kofin shayinsa a kan sikirif ɗin, bai buɗe ko shafi ɗaya ba. Har yau takardar tana nan a akwatina da shatin kofin a bangonta. A ƙafa na koma gida ranar, ban ma san na yi nisa ba. Wata biyu ban taɓa biro ba. Mutum ya zo maka da guminsa, ko ba ka so, sai ka muzanta shi a gaban yara? Me zai rage shi da ya ja ni gefe ya faɗa mini? Abin nan yana ci mini rai har gobe.

Amma tambayarsa gaskiya ce, kuma ita nake maka yanzu cikin mutunci. Ɗan sandanka me zai rasa? Bincike aikinsa ne, ko ya kama mai laifi ko bai kama ba gida zai koma ya kwana. Sannan ga shi ka ɓoye wa furodusa ainihin abin da kake sayarwa. Mai kallo ake ɓoye wa sirri. Wanda zai zuba kuɗinsa dole ya ga abin da ke cikin buhu. Ƙarshen labarin kaɗai za ka riƙe.

Ga yadda nawa ya koma bayan gyara ya fi sau ashirin: “Direban Keke Napep a Rigasa ya ga fuskar wanda ya kashe fasinjansa, saura kwana uku ya ba da shaida a kotu, sai ya gane makashin ne yake biyan kuɗin jinyar mahaifiyarsa.” Ka ga na sauke ɗan sandan gaba ɗaya, na ɗauko wanda ba shi da bindiga ba shi da uban gida. In ya yi magana uwarsa za ta rasa magani, in ya yi shiru jinin bawan Allah ya tafi a banza. Kwana ukun nan kuma su ne suke hana mai karatu numfashi.

Kada ka sa sunan jarumi, Musa ko Bala ba ya gaya wa kowa komai, sana'arsa da halin da yake ciki su ne magana. Jimla ɗaya ko biyu, kalmomi wajen talatin. In ya kai sakin layi, ya zama sinofsis, wato taƙaitaccen bayanin labarin gaba ɗaya. “Zai girgiza kowa” kuwa maganar fosta ce, bar ta sai fim ya fito.

Wani abu kuma, tun harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 nake ganin labaran garkuwa da mutane suna yawa a hannun marubutanmu. Don Allah mu riƙa tunawa waɗanda abin ya shafa suna nan cikinmu, wasu maƙwabtanmu ne. Kada a ɗauki raunin mutane a mayar da shi ado.

Na san tsoron sata ne ya sa ka rufe sirrin, ni ma shi ya sa. Dokar haƙƙin mallaka rubutaccen aiki take karewa, ba ta kare tunanin da ke kai, don haka ka gama sikirif ɗinka tukuna, ka riƙa turawa ta imel don kwanan wata ya zauna maka shaida. Kuma kada ka je wurin kowa kai kaɗai kamar yadda na yi.

Kafin ka sake turawa, karanta wa mai shayin unguwarku. In ya dakata da juya shayi ya ce “sai me ya faru?”, ka kama hanya.

Yanzu dai faɗa mini, mene ne sirrin, kuma wa ɗan sandan yake tsoron rasawa? Rubuto su ko a hargitse ne, in na taso daga kasuwa bayan isha'i mu zauna a kai.