Tambaya da Amsa: Ta ina mai ƙaramin jari zai shiga harkar gidaje da filaye?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne, na ɗan tara kuɗi amma ba su kai na sayen gida ba. In sayi fili in ajiye, ko akwai wata hanya?

Amsa: Malam, fili shi ne ƙofar da yawancin mutane ke fara shiga, domin ya fi gida araha kuma ba ya neman gyara. Sai dai ba ya kawo ko sisi har ranar da ka sayar, kuma idan buƙata ta taso ba lallai ka sami mai saye nan take ba. Saboda haka kada ka zuba kuɗin da za ka nema cikin shekara ɗaya ko biyu.

Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka je ofishin da ke rajistar filaye ka duba sunan wanda ke kan takarda, ka tabbatar ba a jinginar da filin ba, kuma ba ya cikin inda hukuma ta ware don hanya ko magudanar ruwa. Ka ɗauki safiyo ya auna, ya gwada da abin da ke rubuce. Idan filin gado ne, kowane magaji ya sa hannu, domin ɗaya tak da bai yarda ba zai iya kai ka kotu. Ka kuma je wurin bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi ka ga inda ruwa ke kwanciya.

Tambaya: Ni uwa ce, ba ni da lokacin bin 'yan haya. Na ji ana maganar REIT. Mene ne?

Amsa: Malama, kamfani ne da ke tara kuɗin jama'a ya mallaki gidaje, shaguna ko rumbunan ajiya, ya karɓi haya ya raba wa masu hannun jari. A Amurka aka fara shi a 1960, kuma dokar can ta wajabta masa raba aƙalla kashi 90 cikin 100 na ribar da ake biya wa haraji. Wanda aka yi wa rajista a kasuwar hannun jari, za ki iya sayen ɗan kaɗan ki sayar ranar da kika so. Amma farashinsa na hawa da sauka. Ki duba yawan bashin da ke kansa da irin gine-ginen da ya mallaka.

Tambaya: Mu huɗu ne muke son haɗa kuɗi mu sayi gidan haya. Me za mu kiyaye?

Amsa: Lissafi da farko, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗar kansu. A ce gidan ya ci 100, hayarsa ta shekara 8. Ba kashi 8 ba ne ribarku. Ku cire hayar wata ɗaya da ɗaki zai iya zama babu kowa, ku cire 1 na gyaran yoyo, famfo da fenti, ku cire wani 1 na haraji da ladan mai karɓar haya. Abin da ya rage bai wuce 5 da ɗan ɗoriya ba, ga la'adar dillali da kuɗin lauya da na rajista da kuka biya tun farko. Idan kuka cike da bashin da kuɗin ruwansa ya fi wannan, daga aljihunku za ku riƙa ciyar da bashin.

Sai rubutu. Zumunci ba ya hana rikici idan kuɗi suka shiga tsakani, don haka lauya ya rubuta kason kowa, wanda zai riƙe asusu, yadda za a yanke shawarar babban gyara, da abin da za a yi idan ɗaya ya so fita ko ya rasu. Ku amince tun yanzu cewa mai fita zai fara yi wa sauran tayi, kuma ƙwararre ne zai yi wa gidan kuɗi. Ku ware hayar wata uku zuwa shida a asusun gyara kafin kowa ya karɓi rabonsa na farko.