Direban tasi ya ƙi ɗaukar karena, ya zage ni, kuma ya riƙe min kuɗi: amsar lauya

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Bari in maimaita abin da ka faɗa yadda na fahimce shi, don in akwai inda na kauce ka gyara min. Kana zaune nan cikin Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, kana da kare irin manyan nan na turawa, ka so ka kai shi gidanku Daura, sai ka kira wani direban tasi a waya kuka yi cinikin shata naira dubu 25, ka tura mashi dubu 10 ta tiransifa ya sha mai. Da ya iso ƙofar gida ya ga kare sai ya ce wallahi ba a motarshi ba, in dai dole ne to sai dai a but, kai kuma ka ce ba za ka sa karenka a but ba, daga nan murya ta tashi, ya zage ka gaban maƙwabta, ya ja mota ya tafi da kuɗinka. Kana da bidiyon wani ɓangare na rigimar. Yanzu kana so a kama shi, a ƙwace lasinshi, ya biya ka diyya, kuma kana tambaya ko za ka iya ɗora bidiyon a TikTok da lambar motar.

Duk abin da zan faɗa a kan bayaninka kaɗai na gina shi, ban ji ta bakin direban ba, kuma a irin wannan rigima ta bakin titi da wuya labarin mutum biyu ya zo iri ɗaya.

To, abu na farko, kuma nan ne na ga ka fi ɗaukar zafi, wai ka ce ka karanta cewa doka ta hana direban tasi ya ƙi ɗaukar mutum saboda kare. Akwai irin wannan dokar, amma ba tamu ba ce. A Ingila dokar daidaito ta 2010 ta tilasta wa direbobin tasi ɗaukar karen da ke yi wa makaho ko wani mai lalura jagora, a Amurka ma akwai makamanciyarta tun 1990. Amma ka lura, ko a can ɗin maganar karen jagora ake, wanda aka horar don aikin, ba karen da mutum ya ajiye don sha'awa ko gadi ba, shi wannan direba na iya cewa a'a. Mu nan dokar da muke da ita ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, ta 2018 wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, mutum mai lalura take karewa, kai kuma ba ka ce min kana da wata lalura ba. Sashe na 42 na tsarin mulki da ka ambato shi ma bai kama nan ba a ganina, don shi yana magana ne kan wariya saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, kuma galibi a kan abin da hukuma ta yi ko doka ta tanada, direban nan kuma ba hukuma ba ne, sannan kai bai ƙi ka ba, karen ya ƙi. Sashe na 41 na 'yancin zirga-zirga ma bai ce sai motar wane za ta kai ka ba.

Shata yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, kuma tana ɗaure su ne kan abin da suka sani suka yarda da shi. Tambayar da duk alƙalin da ka je gabanshi zai fara yi maka, majistare ne ko na kotun shari'a, ita ce ka faɗa mashi da kare za a tafi? A saƙonka ka ce ka ce mashi "ni ne da 'yan kaya". Ɗan'uwa kare mai girman ɗan akuya ba 'yan kaya ba ne. Direba zai ce motar nan da ita yake cin abinci, gobe zai ɗora fasinja shida a tasha, in an ga gashin kare ko an ji warinshi ko ya yi amai a kujera wasu ba za su shiga ba, zai ce yana tsoron cizo, zai ce kare na haushi a bayanshi yana tuƙi a hanyar Daura haɗari ne, kuma duk waɗannan hujjoji ne da kotu za ta iya ɗauka a matsayin dalili mai ma'ana. A fiƙihun Malikiyya ma da kotunan shari'armu ke aiki da shi, in za a yi hayar abin hawa sai an san abin da za a ɗora mashi, ko a gani ko a siffanta. Na san wani zai ce ai a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne har da yawunshi, haka ne, wasu mazhabobin ne suka ce najasa ne, amma wannan muhawarar malamai ce, ba za ta tilasta wa mai mota ya ɗauki abin da bai yi ciniki a kai ba.

Inda nake bayanka shi ne maganar but. Ka yi daidai da ka ƙi. But ɗin ƙaramar mota a rufe yake ruf, tafiyar Daura ta fi awa ɗaya, a watan Afrilu zafin Katsina na haura digiri 40, kare kuma ba ya gumi yadda muke yi, da haki yake fitar da zafi, a haka zai iya mutuwa kafin ku wuce Shargalle. Dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, ma ta haramta azabtar da dabbar gida. Sai dai ƙin da ka yi bai mayar da direban mai laifi ba, abin da ya nuna kawai shi ne ba ku daidaita ba, ciniki ya wargaje.

Yanzu kuɗin. Nan kam kana da magana, kuma gaskiya abin da direban ya yi na jan mota da dubu 10 ɗin mutane bai dace ba ko kaɗan, aikin da aka ba shi kuɗin dominshi bai yi ba. Kafin alƙalami ne, tafiya ba ta yiwu ba, asali ya dawo da shi. Malikiyya ba su ma yarda da tsarin a ba da wani abu a gaba da sharaɗin in ciniki ya fasa ya zama na mai karɓa ba. Amma kar ka sa rai da dubu 10 cif, don zai ce ya bar layinshi a tasha, ya ƙona mai daga can zuwa gidanka da komawa, ya yi asarar lodi, kuma kai ka jawo tunda ka ɓoye mashi. Mai yiwuwa mai sulhu ko alƙali ya cire mashi wani abu daidai da wannan, ya ce ya maido sauran. Nawa za a cire, ya danganta da nisan da ya yi da kuma lokacin da ya ɓata. Diyyar ɓata maka tafiya da ka ambata kuwa ban ga ƙafar da za ta tsaya a kai ba matuƙar ba ka sanar da shi karen ba tun farko.

Batun a kama shi, riƙe kuɗin shata da aka yi saɓani a kai ba sata ba ce kai tsaye, rikicin yarjejeniya ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. Na san a aikace mutane na kai irin wannan caji ofis kuma wani lokaci a kira mutum, amma ni ba zan ba ka shawarar haka ba, don in aka tsare shi ba bisa ƙa'ida ba saboda ƙorafinka zai iya juyowa ya haɗa da kai a ƙarar tauye haƙƙi. Lasi kuma ba a ƙwace shi don direba ba shi da ladabi. 'Yan kiyaye haɗurra da KASSAROTA, hukumar kula da hanya ta jihar Katsina, aikinsu laifin tuƙi ne da dokar hanya.

Zagin daban yake, kuma shi ne kaɗai wurin da doka ta laifi za ta iya shigowa. A tsohuwar Final Kod ta Arewa sashe na 399 ya yi magana kan zagin da aka yi da gangan don tunzura mutum ya tada hankali, 391 da 392 kuma ɓata suna ne, jihar Katsina ta sabunta tata dokar a 2021 don haka lambobin sun ɗan motsa amma laifukan suna nan. In kuma kalmar da ya jefe ka da ita ta taɓa nasabarka, wato ya kore ka daga mahaifinka, to a kotun shari'a wannan magana ce mai nauyi, za ta iya shiga babin ƙazafi, sai dai ana buƙatar ainihin lafazin da shaidu adilai da za su zo su faɗa, kuma maƙwabtan da suka taru suna kallo ranar, in ka ce su zo kotu za ka ga yawancinsu sun ce ba su ji sosai ba. "Ba ka da hankali" ko "ɗan iska mai kwana da kare" zagi ne mara daɗi, amma ban cika ganin an ci wata riba a kotu da irinshi ba.

Akwai layi ɗaya a saƙonka da ya fi damuna fiye da duk sauran, inda ka ce da ya ci gaba da zagi ka ce mashi in bai yi shiru ba za ka sakar mashi karen, wai tsoratarwa ce kawai. Ɗan'uwa tsoratarwa ita kanta laifi ce, sashe na 396 da 397 na tsohuwar dokar, barazanar cutar da mutum, kuma hukuncinta na iya fin na zagin nauyi. In wannan maganar ta shiga bidiyon da kake son ɗorawa, to da hannunka ka haɗa mashi shaida. Shi ya sa na ce bidiyon nan ka ajiye shi a wayarka, kar ka goge, kar ka yanke, kuma kar ka ɗora. Ko ba maganar sakin kare, ka sa fuskar mutum da lambar motarshi ka rubuta "ɓarawon direba" alhali kotu ba ta ce ya yi sata ba, ka buɗe wa kanka ƙofar ɓata suna, ga dokar laifukan intanet ta 2015 da duk da an rage faɗin sashe na 24 a gyaran 2024 har yanzu ana kai mutane ƙara da ita. A kan dubu 10. Kuma ka san garin nan, mutane da yawa da za su ga bidiyon ba bayanka za su bi ba da zarar sun ga kare ne a tsakiyar maganar.

Abin da zan yi in ni ne kai, in je tashar da yake lodi in nemi ciyaman ɗin yuniyan na NURTW, wato ƙungiyar direbobi, na reshen, in tafi da wani babba, yayanka ko mai unguwa in zai yarda, da alat ɗin tiransifar da lambar motar. Ka yi magana a natse, ka fara da cewa ba ka faɗa mashi akwai kare ba, wannan zai sauke rabin zafin, sannan ka ce kuɗin da bai yi aikinsu ba kake nema kuma zagin da ya yi maka gaban maƙwabta bai dace ba. Su 'yan yuniyan suna da abin da kotu ba ta da shi, suna iya hana shi layi har sai ya biya, kuma ba sa son sunan tasharsu ya ɓaci. Sau da yawa a zama ɗaya ake gamawa, a cire kuɗin mai, ya ba da haƙuri, kai ma ka ba da na maganar sakin kare. In da hali a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. In direban ba ɗan kowace tasha ba ne, to mai unguwarsu ko Hisba ko zauren sulhu na ɓangaren shari'a duk suna yin irin wannan zaman.

In duk an yi ya ƙi, sai ka shigar da ƙara ta neman kuɗinka a kotun shari'a mafi kusa ko ta majistare, a kai mashi sammaci, wannan ba sai da lauya ba, kuma gaskiya in ka ɗauki lauya kuɗin zuwanshi ɗaya zai iya cinye abin da kake bi. Ka lissafa kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci da ranakun da za ka bar aikinka kafin ka yanke shawara.

Karen kuma har yanzu yana Katsina ai, kuma Daura za shi. Wannan karon ka faɗa tun a waya, ka tura hotonshi ta WhatsApp, ka bari direban ya amsa a rubuce cewa ya yarda da kuɗin da ya yarda, har da na wankin mota in ya nema. Ka nemi mai Golf wagon ko Sharon ko a-kori-kura da bayanta ke shan iska, ka sa shi a keji ko aƙalla sarƙa da takunkumi, da shimfiɗa a ƙasa, kar ka cika mashi ciki kafin tafiya, ku tashi da sassafe da ruwa a jarka. Motar haya ta tasha mai sauran fasinjoji kam ka cire ta a lissafi. Katin allurar rigakafin haukan kare ya kasance a aljihunka kuma ka duba kwanan watan, duk shekara ake sabuntawa a asibitin dabbobi, don in ya ciji direba ko wani yaro a hanya kai ne za ka ɗauki magani da diyya, musamman in an tabbatar ka san yana da faɗa, kuma katin nan shi ne abu na farko da za a tambaye ka.