Inda ake danne ƙasa da inda ake barin ta sako-sako

Yarona, ka ce na rikita ka a wannan aiki namu na gyaran ƙasa bayan haƙar kwal. Shekaranjiya na hana ka tura tarkacen dutse gangare, jiya na sa ka yi ta bin cikon inda muka haƙa da katafila har ya dannu, yau kuma na ɗaga maka hannu na ce kada ka ƙara taka ƙasar sama. To, zauna ka ji, kowanne da dalilinsa.

Mu fara da gangaren. A nan duwatsun jihohin West Virginia da Kentucky na Amurka, kafin 1977, haka ake haƙar kwal: a yanki gefen dutse, a kwashe kwal, abin da ya rage a ingiza shi ƙasa, a yi gaba. Damina na zuwa sai tarin ya zaftare kan gonaki da gidajen mutanen kwari. A 1972 madatsar dagwalon kwal ta ɓalle a kwarin Buffalo Creek na West Virginia, mutum 125 suka rasu. Irin wannan ne ya taru har Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar haƙar kwal da gyaran ƙasa ta Amurka a watan Agustan 1977. Dokar ta ce duk gangaren da ya wuce digiri 20 mai tsanani ne, kuma a kansa ba a zubar da ƙasa, ko tarkace, ko mataccen inji a ƙasan dandamalin da muke aiki.

Kada ka ɗauka tsohon labari ne. A 2004, a Inman ta jihar Virginia, mai katafila yana faɗaɗa hanya da dare, dutse ya kuɓuce, ya gangara ya fasa bangon gida, ya faɗa kan yaro ɗan shekara uku yana barci. Tun da na ji wannan, ba na kusantar bakin gangare sai na sauko na leƙa abin da ke ƙasa. Kai ma haka za ka riƙa yi, ko da rana tsaka ce.

Sai cikon. Bangon dutsen nan da muka yanka, dole mu rufe shi gaba ɗaya, dutsen ya koma kusan surarsa ta asali. Injiniya zai lissafa ƙarfin riƙon cikon, kada ya gaza 1.3, wato ƙarfin da ke riƙe shi ya ɗara wanda ke jan shi ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100. Ba za a samu haka ba sai an zuba kaɗan-kaɗan ana dannewa. Kada ka binne kututture a ciki, zai ruɓe ya bar rami, ruwa ya samu hanya. Baƙin dutsen nan mai ƙyallin zinariya kuwa, a ware shi a rufe shi inda ruwa da iska ba za su taɓa shi ba. Ka ga rafin bayan tsohuwar mahaƙa, mai ruwa ja kamar tsatsa, babu ko kwaɗo a ciki? Aikinsa ne.

Abin da ya hana ka barci shi ne na yau, kuma a nan ni kaina na taɓa yin kuskure. Ina saurayi, na goge wani gangare sumul kamar daɓe, na yi ta alfahari. Bayan shekara goma na koma, itatuwan da muka dasa ba su wuce ƙuguna ba. Na sa shebur, ya ƙi shiga. Saiwa ba ta huda abin da katafila ta bi sau ashirin, ruwan sama ma gudu yake a kai yana yanka kwazazzabai. Shi ya sa yanzu masana daji suka ce ƙafa 4 na sama a bar su sako-sako: tifa ta juye, ka baje sau ɗaya ko biyu, ka fita. Ba zai yi kyan gani ba, na sani. A gangare mai tsanani injiniya ne zai nuna iyakar inda za a sassauta, kada ka yanke da kanka.

Jami'in gwamnati yana zuwa duk wata, ba ya sanarwa. Kamfani kuma ya ajiye kuɗin jingina kafin a ba shi izini. Idan an cike an daidaita, za a iya sakin har kashi 60 cikin 100, ragowar ƙarshe sai tsiro ya yi shekara 5 yana tsaye. Amma ni ba don jami'i nake yi ba, gidajen can ƙasa nake kallo.

Gobe da sassafe, kafin ka tada inji, je ka duba tafkin da ke tare laka, ka ga ko ya cika. Ka bi bakin cikon da ƙafa. In ka ga tsaga, ko da faɗin yatsa ce, ko ruwa yana tsattsafowa daga gindi, ka kira ni.