Tambayi Anti: Littafin Godiya Na Iyali

Tambaya: Salam Anti, barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema. Duk hutun ƙarshen shekara muna haɗuwa dangi a gida ɗaya, to bara sai na raba takardu nace kowa ya rubuta abinda yake gode wa Allah akai, na haɗa na buga masu fin na manna hotuna da salatif, yanzu na ɗauko fin ɗin yayi tsatsa, hotunan duk sun ɓare. Kuma yawanci "lafiya" kawai suka rubuta. Ya zanyi bana?
Daga ƙanwarki mai bin wannan fili.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, wallahi kin burge ni, kar ki bari ya tsaya a bara.

Fin ƙarfe ne, da yaji danshi sai tsatsa ta ci takarda, shi kuma salatif gam ɗinsa bushewa yake ya bar tabo ruwan ƙasa. Ɗinki zakiyi. Ki samu takarda A4 guda 5 ki ninke su biyu, kinga kin samu shafi 20 girman A5 kenan. In da hali ki nemi mai kauri kamar 120gsm (gsm ma'aunin nauyin takarda ne), ta firinta 80gsm ce, tawadar alƙalamin maka tana ratsa ta. In kinga an rubuta babu asid a jikinta to ita ce, bata saurin yin ja kamar takardar jarida. Bango kuma kwali mai ɗan tauri, ki lulluɓe shi da ƙyalle in kina so.

Sai ki huda rami 3 a kan ninkin da basilla, ki goga wa zaren kyandir don kar ya dinga harɗewa. Ki shiga ramin tsakiya daga ciki ki bar ɗan wutsiya, ki dawo ta na sama, ki tsallake tsakiya ki fita ta na ƙasa, sai ki sake shigowa ta tsakiya ki ƙulle bakin zaren biyu akan dogon zaren nan. Shikenan fa. Hoto kuma ki ɗan yanka kusurwa huɗu a shafin ki cusa shi, ba ruwanki da gam.

Maganar "lafiya" kuwa ita tafi damuna, kuma ba laifinsu bane, in ka miƙa wa mutum farar takarda ana ta hayaniya abinda ya fara zuwa masa zai rubuta ya miƙo. Ki rubuta tambaya a saman kowane shafi tun kafin su zo. Wa ya tsaya maka bana lokacin da abu ya tsananta? Wace rana ce baza ki manta ba? Anan ne zakiji an ambaci suna, har wani yayi ƙwalla.

Tsofaffin da basa rubutu ki zauna kusa dasu, suna faɗa kina rubutawa yadda suka faɗa, kar ki gyara masu ko kalma ɗaya, wata rana wannan shafin zaki fi buɗewa. Yara ƙanana a zana tafin hannunsu da fensir a sa shekarunsu a ciki. Kowa ya sa sunansa da kwanan wata, kuma ki bar shafi biyu na ƙarshe saboda waɗanda basu samu zuwa ba, ki kira su a waya ki rubuta nasu.